Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye

Ni ba injiniya ba ne, ban kuwa taɓa zama a ofishin masu zanen gari ba. Ɗan kasuwa ne ni, ubana ma ɗan kasuwa. A Fagge aka haife ni, a Kasuwar Sabon Gari na yi wayo, a cikinta kuma furfura ta same ni. Karatun boko ma sai da na yi aure na haifu sa'an nan na same shi, a ajin yaƙi da jahilci, bayan da Gwamnatin Kano ta kafa hukumar ilmin manya a 1980. Sabo da haka mai karatu, in kai ma da girmanka ka koyi riƙon alkalami, to ɗan'uwana ne kai, da kai kuma na ke magana.

Abin da na ke so in ba ka labari shi ne yadda na yi hasarar rumfata, da abin da hasaran nan ta koya mini game da tsara gari. Da can na ɗauka tsara gari aikin hukuma ne ita kaɗai, mu namu mu ji mu bi, in mun ga ido ya kauce mu zagaye. Yanzu kuwa na gane ko wane tsari yana bukatar abu biyu, in babu su ba ya ƙarko. Na fari lokaci. Na biyu fili, watau a yi shirin a fili kowa yana gani, a kuma bar fili domin abin da gobe za ta zo da shi.

Bari in fara daga tushe, yadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kan ba mu labari, da yadda na karanta daga baya. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi a cikin birni. Fagge kuwa zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Buzaye da fatake su ke sauke raƙuma da jakuna. Ba wanda ya ja wa waɗannan wurare layi da igiya. Ƙafar mutane da ta dabbobi ita ta fid da hanyoyinsu. Inda aka ga ana yawan bi, nan ya zama hanya. Inda aka ga ana yawan tsayawa, nan aka kafa rumfa. In za a ƙara wani abu, sai mai unguwa da sarkin kasuwa da dattawa su zauna, a yi ta magana har a daidaita. Abin yana da nawa, lungunan kuma ga su a karkace. Amma yau shekara fiye da 500 ke nan Kurmi tana ci.

Sabon Gari ba haka aka yi ta ba. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga akawuna da masu aikin jirgi da 'yan tireda suna ta zuwa daga Kudu, har daga Saliyo da ƙasar da a ke kira Ghana yanzu. To, wajen 1913 aka keɓe musu wuri a bayan gari, aka sa ma'auni aka ja tituna miƙaƙƙu, wannan ya gicce wannan, tamkar gidan dara. Ba a tambayi Kanawa ba, ba a kuma tambayi baƙin da za su zauna ba. Nufin Turawa shi ne a raba jama'a: birni dabam, baƙi dabam, su kuma nasu mazaunin can Nassarawa, da fili na yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakaninsu da baƙar fata. Ba da daɗewa ba aka kafa wa baƙin kasuwarsu. Unguwar kuma ba ta shiga hannun En'e ta Kano ba sai a 1940.

Amma dubi abin da lokaci ya yi wa wannan zane. Kasuwar da aka yi domin baƙi, da ya ke tana kusa da tashar jirgi da kantunan Turawa da na Kwara, ita ce ta zama mahaɗar kowa. Mutumin Fagge ya shigo da tasoshi, Bayarabiya ta kasa atamfa, Ibo ya kawo kayan ƙarfe, Bafillatana ta ratsa da ƙwaryar nono. Mahaifina langa da fanteka da samira ya ke sayarwa, sa'ad da ina yaro kuwa ni ke ɗaukar masa kaya daga gida da sassafe. Maƙwabcinsa na dama Banufe ne, na hagu mutumin Onica. Takarda ta ce a rabu, ciniki ya ce a haɗu, ciniki kuwa shi ya rinjaya. Wannan shi ne darasi na fari da kasuwa ta koya mini, ko da ya ke a lokacin ban san darasi ba ne: mai zane yana da ikon ranar da ya yi zanen, sauran ranaku na mazauna ne.

Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta ga Kano tana neman fin ƙarfin masu kula da ita. Sai aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta a 1962, wani Bature masanin tsara gari, Mista Trevallion, ya jagoranci aikin. Suka auna, suka ƙirga, suka fid da shiri na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya nuna inda za a yi gidaje, da inda za a yi masana'antu, da inda manyan hanyoyi za su bi. Aiki ne na masu ilmi, ba na raina shi. Sai dai da Turanci aka rubuta shi, aka buga shi littafi, mahaifina da abokan cinikinsa har suka koma ga Allah ba wanda ya taɓa karanta musu ko shafi ɗaya. Kuma wa ya san abin da ke tafe? A 1966 tarzoma ta tashi, Sabon Gari ta kusa zama kango. A 1967 aka yi yaƙin basasa, aka kuma yanka jihohi, Kano ta zama babban birnin jiha. Sai kuɗin mai ya shigo. Sai farin 1973 ya koro mutanen karkara da na Nijar zuwa birni. Garin da ƙidayar 1952 ta ba shi mutum wajen dubu 130, ta 1963 kuma wajen dubu 295, da aka zo ƙidayar 2006 ya kai wajen miliyan 2 da dubu 800. Wace riga ce za a ɗinka wa yaro ɗan shekara bakwai a ce ita zai sa ranar aurensa? Gwanin tela ya kan bar kalmasa a ciki, domin in yaro ya girma a warware.

A zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, aka tashi sake gina kasuwar da bulo da siminti, shi ya sa a ke kiranta da sunansa. Kafin nan rumfunanmu na katako da kwano ne, da damina taɓo, da rani fargabar wuta. Ba na manta ranar da muka shiga sabon layinmu ni da mahaifina, ya riga ya tsufa yana dogara sanda. Na dubi hanyar da aka bari tsakanin rumfuna, mai faɗi har mota ta iya bi, na ce, "Baba, dubi wannan ɓarna. Da an matse hanyan nan ai da an sami wurin rumfa ashirin."

Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Kai yaro ne. Wannan da ka ke gani ba kowa a kai, shi ne ya fi ko wace rumfa tsada. Ranar da za a bukace shi ba za a same shi a saya ba."

Na ce, "To, Baba," don ladabi. Amma a zuciyata na ce maganar tsofaffi ce.

Allah ya yi masa rasuwa, rumfa ta dawo hannuna. Ciniki ya buɗe, kayan roba suka shigo, wuri ya yi mini kaɗan. Wata rana na fid da tebur ɗaya na ajiye a bakin rumfa, bai fi taki ɗaya ba. Ba wanda ya ce mini kanzil. Na gaba da ni ya gani, shi ma ya fid da nasa. Da damina ta zo muka ce kaya za su jiƙe, muka kafa wa teburan kwano. Da aka yi mana sata muka kewaye su da katako, muka sa ƙofa da kwado. Ka ga tebur ya zama rumfa ke nan. Ana nan sai wani mutum, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya zo mini da magariba ya ce in na ba da ɗan abin goro zai samo mini 'yar takarda, ba mai tashina. Na bayar. Ba a kira taro ba, ba a kafa sanarwa ba, ba a tambayi mai rumfar da na tare wa iska ba. A ɓoye aka yi, ni kuma na ji daɗin ɓoyon, domin ni ya amfana.

Haka aka yi ta yi, wannan taki ɗaya, wancan taki biyu, shekara da shekaru. Ba ranar da wani ya tashi ya ce yau za mu toshe hanya. Amma aka wayi gari hanyar da mota ke bi, mai kura ma sai ya yi ta roƙon gafara kafin ya wuce. Har wa yau da wutar lantarki ta zama sai an ga dama, ko wannenmu ya sayi ɗan injin, ya ajiye galan na fetur a ƙarƙashin kanta, wayoyi kuwa suka sarƙe a sama kamar saƙar gizo. Masu ginin kasuwa ba su san za a yi wannan zamani ba, balle su tanadar masa wuri.

Daren Asabar, 26 ga Maris 2016, ina barci a gida sai ɗana ya buga mini ƙofa, ya ce, "Baba, kasuwa ta kama." Ko takalmi ban tsaya nema sosai ba. Tun daga Fagge na hango sama ta yi ja. Da muka isa ga jama'a maƙil, wani na salati, wani na kuka, wani ya zauna a ƙasa ya dafe kai. 'Yan kwana-kwana sun zo, sun kuwa yi iyakar ƙoƙarinsu, na gani da idona. Amma da motarsu ta zo bakin layinmu sai ta tsaya cik. Ba hanya. Suka ja mesa iyakar tsawonta, ruwa bai kai inda wutar ta ke ba. Ina tsaye ina kallo, abin da ya fara tare motan nan kuwa irin rumfar da na kafa ne, katako da kwano a tsakiyar hanya. A nan maganar mahaifina ta faɗo mini, bayan shekara fiye da 30. Wutar ta ci har gari ya waye, rana ta take tana ci. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce rumfuna wajen 3,800 suka ƙone. Tawa tana ciki, da ta asali da ta ƙarin, ban fid da ko cokali ba. Abin da ya fi ciwo, wata guda kafin nan Kasuwar Singa, wadda ke maƙwabtaka da mu, ta yi tata gobarar. Mun je mun yi musu jaje, muka dawo ba wanda ya janye teburinsa. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, mu kuwa ba mu shafa ba.

Toka ba ta gama hucewa ba kowa ya shiga neman bulo da kwano. Ba na ganin laifin kowa, domin mai iyali ba ya iya zama. Kuma akwai tsoro: in ka bar wurinka kwana biyu, ba ka san abin da a ke ƙullawa ba, wataƙila ka dawo ka tarar an ba wani. Jita-jita kuwa ta cika gari, yau a ce za a tashe mu, gobe a ce za a yi benaye a sayar wa masu kuɗi. Maƙwabcina, jikan mutumin Onican nan abokin mahaifina, wanda Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ya same ni ina auna wurina, ya ce, "Alhaji, yanzu yadda ta ke dā haka za mu mai da ita?"

Na ce, "To, ya za mu yi? In mun tsaya jira wa zai ciyad da mu?"

Ya ce, "Da za a tara mu a nuna mana zane, a rubuta sunan kowa da lambar rumfarsa a manna a bango, a ce ga inda za ku zauna kafin a gama, ga kuma ranar da za ku dawo, wallahi ko shekara ce zan jira. Abin da ya hana ni jira, ban san me na ke jira ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ashe haƙuri da bayani tare su ke tafiya. Mutum ya kan iya jira in an buɗe masa abin da a ke ciki. In an rufe masa kuwa, dole ya yi gaggawa, gaggawarsa kuma ita ke mai da kuskuren jiya.

Da na sami natsuwa na shiga tambaya da karatu, in ji yadda waɗansu suka yi da irin wannan masifa ta same su. Fataken Nijar da mu ke ciniki da su suka ba ni labarin Babbar Kasuwar Yamai. Ta ƙone a 1982, ba a buɗe sabuwar ba sai a 1987. Shekara biyar 'yan kasuwa suna zaman wucin gadi a wani wuri, sun sha wuya, amma da suka dawo ginin ƙwarai suka tarar. Na kuma karanta labarin birnin Landan na ƙasar Ingila. A 1666 wuta ta yi kwana huɗu tana cinsa, gidaje wajen dubu 13 suka ƙone. Cikin 'yan kwanaki wani gwanin magini, Christopher Wren, ya kai wa Sarki zanen sabon birni mai tituna miƙaƙƙu. Zane ya yi kyau, amma ba a bi shi ba, domin ko wane taki na ƙasan nan da mai shi. Sai aka kafa kotu ta musamman, alƙalai suka zauna suna sauraron masu gida da 'yan haya ɗaya bayan ɗaya, suna raba gardama. Aka kuma yi doka a 1667 cewa da tubali ko dutse za a yi gini, ban da katako, aka faɗaɗa waɗansu tituna. Mutane suka koma wurarensu na dā, amma a kan sabuwar ƙa'ida da kowa ya ji. Ka ga ba zanen gwani ne ya tashi Landan ba, zaman sauraro ne.

Ba sai mun je nesa ba ma, a nan Kano muna da abin misali. Wajen 1985 masu hatsi suka bar cunkoson Sabon Gari suka koma Dawanau, a kan hanyar Katsina. A lokacin daji ne, muna yi musu dariya muna cewa wa zai bi ku can. Amma wurin yana da abin da mu muka rasa, watau fili. Manyan motoci suka sami wurin juyawa, aka yi ta ƙara rumbuna da ɗakunan ajiya sannu a hankali gwargwadon bukata. Yau Dawanau tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, ana zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ba a gama ta rana ɗaya ba, har yanzu ma ba a gama ta ba, wannan kuwa shi ne ƙarfinta.

Dubi kuma zancen masu sayad da magani. An daɗe ana cewa bai kamata a riƙa tara magani a rumfar kasuwa cikin zafi ba, inda ba a iya bambanta na kirki da jabu. Wannan gaskiya ce, ba mai musu. Aka gina musu wuri a Dangwauro, a kan hanyar Zariya, aka buɗe shi a 2023. Su kuwa da yawansu suka ce kuɗin rumfunan ya fi ƙarfinsu, wurin kuma ya yi wa masu sayayya nisa. Aka yi ta ja-in-ja har gaban alƙali. A watan Fabrairu na 2024 kotu ta ce su tashi, hukumomin kula da magunguna suka rufe shaguna fiye da 1,300 a Sabon Gari da kewayenta. A nan an ɗauki lokaci mai tsawo, amma yawancinsa a gardama ya tafi. Daɗewa dabam, shawara dabam. Ana iya shekara goma ana aika wa juna takardar wa'adi ba a taɓa zama tabarma ɗaya ba.

Na uku shi ne Filin Idi na Ƙofar Mata, nan kusa da mu. Kakanninmu sun bar shi fili, sau biyu a shekara a ke cika shi. A zamanin wata gwamnati aka yanka gefensa aka gina shaguna, mutane suka zuba dukiyarsu. A watan Yuni na 2023, sabuwar gwamnati ba ta yi wata guda da hawa ba, aka sa motoci suka rushe su. Masu shaguna suka kai ƙara, kotu ta ce a biya su diyya, daga baya aka sasanta a kan naira biliyan 3. Ba ni ne zan raba wannan shari'a ba. Abin da na sani shi ne da an shimfiɗa maganar a gaban jama'a tun kafin a sa bulo na fari, da an ji masu cewa a'a tun kuɗin kowa yana aljihunsa. Sauri ya haifi nawa, a wajen gini da wajen rushewa duka.

To, jama'a, ga abin da na tattara daga duk wannan. Da fari, a ba shiri lokacinsa tun daga farko. Wata uku da za a yi ana zama da mutane kafin a haƙa tushe ya fi arha bisa shekara uku a kotu. Mai zane ya zo kasuwa da asuba ya ga inda a ke sauke kaya, ya dawo da azahar ya ga inda a ke salla, ya dawo da damina ya ga inda ruwa ke kwanciya kafin ya gangara Jakara. Ya tambayi ɗan dako da mai kura da mai tuwo, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Na biyu, a yi shi a fili. A manna zanen a ƙofar kasuwa da ƙofar mai unguwa, a fassara shi da Hausa da sauran harsunan mazauna, a faɗa a rediyo. A rubuta wa zai sami rumfa, nawa zai biya, yaushe zai shiga. Abin da aka yi da rana kowa na gani, da wuya wani ya zo da magariba ya warware shi da kuɗin goro.

Na uku, a bar fili. Kada a cike ko wane taki da gini don ana ganin kuɗi. A bar hanyar 'yan kwana-kwana, da wurin tankin ruwa, da wurin abin da ba mu san sunansa ba tukuna. Wanda ya gina kasuwarmu bai san da injin da fetur ba. Mu ma da mu ke fama da injin ba mu san za a zo a shimfiɗa faranti a kan rufi a ba mu wuta daga hasken rana ba, sai ga shi an fara a 2018. Kuma a riƙa dawowa kan shirin bayan 'yan shekaru ana dubawa, a gyara inda zamani ya wuce shi.

Kada wani ya ce wannan duk aikin manya ne. Dokar tsara birane ta Nijeriya, wadda aka yi a 1992, ta ce in an zana shirin gari a baje shi jama'a su gani, wanda ke da ƙorafi kuma ya rubuta ya kai. Amma haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, kamar kuɗi ne a aljihun rigar da aka manta. A nan ne karatunmu zai yi mana rana. Mu da muka sha wuyar koyon baƙi da wasali da girmanmu, ba don karanta rasit kaɗai muka koya ba. In ka ga an manna takarda a bangon kasuwa, tsaya ka karanta, ka kuma karanta wa na kusa da kai. In ka ga an zo da ma'auni ana buga turaku a unguwarku, yi sallama ka tambaya cikin ladabi me za a yi. In an kira taron ƙungiyar layinku, rufe rumfa ka je, cinikin sa'a ɗaya ba zai talauta ka ba. In kuwa an zo maka da magariba an ce ga wata hanya ta ɓoye wadda za ta amfane ka kai kaɗai, tuna da ni.

Da taimakon 'yan'uwa da bashin abokan arziki na sake tashin rumfata, ko da ya ke ba ta kai ta dā ba. Yanzu ɗana ke zama, ni sai in zo da hantsi in zauna a benci ina amsa gaisuwa. Ran nan na iso na tarar ya fid da tebur ya ajiye a bakin rumfa, ya jera bokitai a kai. Na ce ya mai da shi ciki. Ya ce, "Haba Baba, taki ɗaya ne fa, kuma kowa ya fid da nasa." Na zaunad da shi na ba shi labarin kakansa da sandarsa, tun daga farko har daren Asabar ɗin nan. Ya ce, "To, Baba," ya ɗauke teburin. Ko ya ji har zuci, ko kuwa irin "to" ɗin da na yi wa nawa uban ne, Allah kaɗai ya sani. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da wani zai karanta ya riga ni hankalta.

Allah ya tsare kasuwanninmu daga wuta, ya ba shugabanninmu haƙurin sauraro, mu kuma ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan kanmu ne. Amin.